Ɓoye Sirrin Inji Ba Dabara Ba Ce

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu injin casar shinkafa da masu gyaran citta, tun daga Kasuwan Magani har Kachia da Kafanchan, wadda jin ta ya ishe ni, wai manhajojin kwamfuta da ake kawowa masana'antu domin adana bayani da taimaka wa yanke shawara ba kome ba ne face makircin tatse ilmin gwani, sa'an nan a sallame shi. Saboda wannan mummunan zato, sai ka iske dattijon da ke gane ciwon inji daga ƙararsa kaɗai ya ƙi sanar da kowa, har yaron da ke miƙo masa sifana.

Ita manhajar littafin ajiya ce mai iya lissafi, a zuba mata abin da ya auku, ta fito da abin da ke maimaituwa. An yayata tsarin haɗa injunan masana'antu da irin waɗannan manhajoji a baje kolin Hanoba ta Jamus a 2011, manyan kamfanoni kuwa suna biyan maƙudan kuɗi ga masu ƙera manhaja irin su SAP.

To, mu koma ga shubuhar. Na'ura tana iya shaida maka cewa danshin shanshera ya haura kashi 14 cikin ɗari, wanda shi ne ƙimar da ake so kafin casa, amma ba ta san ko hadarin da ya haɗo zai bari a sake shanya ba, ba ta kuma san halin ɗan kasuwar da motarsa ke jira ba. Wannan hukunci yana hannun gwani, kuma lambobin hujja ce gare shi ranar da mai inji ya tuhume shi da karya shinkafa. Wanda darajarsa ta rataya ga ɓoyo, haƙiƙa darajarsa mai rauni ce, gama zazzaɓin mako guda ya isa ya tsayar da aiki, ma'aikata su kwana da yunwa. Shin ba mu ga masaƙun Kakuri ba? An kafa masaƙar KTL a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, kuma ko da yake ƙarancin lantarki da atamfar fasa-ƙwauri ne suka kayar da su, ƙwararrun da suka watse sun tafi da mafi yawan abin da ke kawunansu. Magabata ba su yi irin wannan sakaci ba, domin sa'ad da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Abubakar ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a rubuce, alhali wannan bai rage wa mahaddaci ko ɗaya girma ba.

Tsadar data da matsalar wuta gaskiya ne, amma ba su ne suka hana mu adana bayani ba.

Kada mai ƙaramin inji ya jira manhajar miliyoyi. Ya buɗe Excel a wayarsa, ko ya fara da littafi mai layi, kullum ya rubuta buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, daga wane ƙauye, gas lita nawa aka ƙona, yaushe aka sauya bel ko boris, kuma a hannun wa aka saya. Asalin kaya kam kada a raina shi, domin a annobar da ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023, sanin inda iri ya fito ya zama abin nema. In gwani ya gyara wata ɓarna, a ɗauki muryarsa yana bayani da harshensa, ko Hausa ko Adara ko Jaba, a sa sunansa, a kuma biya shi ladan koyarwa, don wanda aka karɓe wa ilmi kyauta yana da haƙƙin yin zargi. A ajiye kwafi a Google Drive saboda ɓarayin waya. A guji cika lamba da ka don gudun faɗan maigida, gama manhaja ba ta tantance ƙarya, lissafa ta kawai za ta yi. Daren jajibirin kasuwa kuwa, mai inji da gwani su zauna su duba lissafin makon tare kafin a tsayar da farashin casa.