Ɗan Alade Da Masu Ciwon Sukari A Alƙahira

A shekarar 2009 gwamnatin Masar ta ba da umarnin yanka aladun ƙasar, wajen 300,000, waɗanda akasarinsu masu kwasar shara a unguwannin Alƙahira irin su Manshiyat Nasir ke kiwo. To sai dai wannan dabba ta daɗe tana ceton masu ciwon sukari, cutar da ta addabi miliyoyin Misrawa. Kafin 1982, daga fankiriyas ɗin alade da na shanu ake tatso insulin, kuma na alade ya bambanta da na ɗan Adam ne a wuri ɗaya tak cikin 51.

Yanzu hankalin masana ya karkata ga ɗan alade. Yayin da yake shan nono, fankiriyas ɗinsa ba ya samar da sinadaran narkar da sitaci da furotin sosai. Sai bayan yaye suke ƙaruwa. Irin waɗannan sinadarai kan lalata ƙwayoyin insulin wajen cire su, shi ya sa na jariri suka fi sauƙin dasawa. Illarsu ita ce sai sun ɗauki makonni kafin su fara aiki yadda ya kamata.