Rahoton Duba Gida Ba Takardar Yabo Ba Ne

Da yawa daga cikin masu sayen gida a Kano da Kaduna suna ganin rahoton da ya dace shi ne gajere, wanda injiniya zai rubuta cewa gida lafiya lau yake, ya sa hannu. Na fahimci dalilinsu. Mutum ya sha wahalar tara kuɗi, dillali yana ta matsa masa, ba ya son jin abin da zai ɓata ciniki. Sai dai ina ganin irin wannan takarda ba ta amfanar da mai saye da komai.

Babu gidan da ba shi da aibi, har wanda aka gama jiya. Aikin rahoto shi ne ya faɗi aibin, a wane ɗaki yake, da hotonsa, sannan ya bambance mai hatsari da wanda zai iya jira. A Ingila, ƙungiyar masu duba gine-gine ta RICS ta tsara wa mambobinta maki uku: 1 ba ya buƙatar gyara, 2 a gyara amma ba da gaggawa ba, 3 kuwa babbar matsala ce. Tsagewar fulasta siririya kamar gashi daban take da tsagewar da ta taso daga harsashi ta ratsa bulo tana ƙara buɗewa. Wanda ya kira su duka "'yar tsagewa" ya cuci mai saye.

Dole rahoto ya taɓa kwanon rufi da katakon da ke ƙarƙashinsa ko gara ta ci, da wayoyin lantarki, da danshin da ke hawowa daga ƙasan bango. Ya kuma auna tazarar rijiya da sokawe. Masana tsaftar ruwa suna son ta kai mita 30, abin da ƙananan filayenmu ba kasafai suke bayarwa ba.

Sashen da na fi damuwa da shi kuwa shi ne inda mai dubawa zai rubuta abin da idonsa bai kai ba. Ba ya fasa bango, ba ya ganin rodin da ke cikin kankare. In ya zo a watan Maris, ba zai ga yoyon da ruwan Agusta zai tona ba, balle in an shafe tabon silin da sabon fenti. Ya kamata ya rubuta hakan ƙarara, ya ce a sake dubawa da damina, ko a kira injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN kafin a biya sauran kuɗin.