Wasiyya A Ingila, Gona A Sundimina

A cikin ikilisiyoyinmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram akwai gidajen da dattijonsu ya yi ritaya amma ba ya gida. Wani yana Ingila wurin 'ya'yansa, wani kuwa ya gama aikinsa a Gana ko a Nijar ya zauna can. Sai dai gonar da ya gada a Sundimina tana nan, ƙane ko ɗan wa yana nomawa, akwai kuma ɗan gida a Birnin Kudu da kuɗin fansho a Nijeriya. Tambayar da ake yawan kawo mana ita ce, idan ya rubuta wasiyya a can inda yake, ta isa?

Sau da yawa ba ta isa ba. Dalili kuwa shi ne wata tsohuwar ƙa'ida da kotunan Nijeriya da na Ingila suke bi: ƙasa da gini suna bin dokar wurin da suke, kuɗi da sauran kayan da ake iya ɗauka kuwa suna bin dokar ƙasar da mamaci ya mai da ita mazauninsa na dindindin. Watau mutum ɗaya zai rasu, amma doka biyu za ta raba kayansa. Lauyan Landan, kome gwanintarsa, bai san yadda ake riƙe gona a masarautar Dutse ba.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da muke da shi kuwa izinin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan izini. Dokar ta kuma ce gadon irin wannan izini yana bin al'adar wurin da gonar take, in ba wata doka ce ta shafi mamacin ba. Gonaki da yawa kuwa ba su da takarda ko ɗaya, shaidarsu mai unguwa ne da dagaci da maƙwabtan iyaka. To, dattijon da ya shekara 20 bai taka gonarsa ba, wanda ya ba da ita aro da baki, me 'ya'yansa za su nuna ranar da mai noma ya ce kyauta aka ba shi? A ganinmu, kafin a yi zancen wasiyya sai a fara rubuta wannan aro, da iyakokin gonar, a sa hannu a gaban dagaci da shaidu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Gidajenmu da yawa a haɗe suke, wa Kirista, ƙane Musulmi. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Jigawa suke bi, bambancin addini yana hana gado, ko da yake Musulmi yana iya yi wa wanda ba magajinsa ba wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Saboda haka gonar da ba a raba ba tun rasuwar kaka gara a raba ta yanzu, da ran waɗanda suka san asalinta.

Matan aure ma su lura. Ba kowane auren da aka sa wa albarka a coci ne auren Dokar Aure ba. Sai an bi ta wurin rajista, an kuma ɗaura shi a majami'ar da ke da lasisi. Idan miji ya rasu ba wasiyya, wannan takarda tana iya zama abin da za a duba kafin a san wace doka za ta raba kayansa. A nemo ta tun yau, a san inda take.

Ita wasiyyar, sharuɗɗanta sun samo asali daga dokar Ingila ta 1837. A rubuta, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci ɗaya. Wanda aka ba wani abu a ciki kada ya zama shaida, ko shi ko matarsa, gama zai rasa rabonsa. Idan an bar wa fasto keke ko littattafai, sai a nemi wani dattijo ya sa hannu.

Masu dukiya a ƙasa biyu sukan yi wasiyya biyu, ɗaya don kayan Nijeriya, ɗaya don na waje, kuma dabara ce mai kyau. Amma a nan tarkon yake. Lauyoyi sun saba buɗe wasiyya da soke duk wadda aka yi a baya, ta haka ta biyun sai ta kashe ta farkon ba da sanin mai ita ba. Dole kowace ta faɗi ƙasar da ta shafa, kuma kowane lauya ya karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta. A Ingila sabon aure ma yana soke tsohuwar wasiyya, abin da dattijon da matarsa ta rasu ya sake aure yakan manta.

Bayan rasuwa, takardar izinin rabon gado da kotun wata ƙasa ta bayar ba ta aiki a nan kai tsaye. Idan daga ƙasar Kwamanwel ta fito, kamar Ingila ko Gana, dokar 1966 ta yarda babbar kotu ta sake buga mata hatimi. Ga kayan da ke Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, Dutse za a nufa. Nijar ba ta cikin Kwamanwel, don haka wannan gajeriyar hanya ba ta shafe ta ba. Kuɗin asusun fansho kuma, bisa dokar 2014, ba a sakinsu sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado. Sunan da aka rubuta a fom na banki a matsayin dangi mafi kusa ba ya mai da mutum magaji.

Mazauna Ingila suna da ƙarin nauyi. Daga Afrilun 2025, wanda ya zauna can shekara 10 cikin 20 da suka wuce, harajin gadonsu yana hawa kan dukiyarsa ta ko'ina a duniya, har da gidan Birnin Kudu. Ana karɓar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000, ko da yake akwai rangwame ga abin da aka bar wa mata ko miji.

Ina za a sami shawara? Ba wurin mai buga takardu a bakin kotu ba. A gida, reshen Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya na Dutse zai tabbatar ko mutum lauya ne na gaske. A Ingila akwai ƙungiyar STEP ta masana harkar gado, wadda aka kafa a 1991. Kafin a biya ko sisi, a tambayi lauyan ko ya taɓa raba gadon da ya ratsa ƙasa biyu, ko kuma zai yarda ya yi magana da takwaransa na ɗaya ƙasar. Idan an gama, ta Nijeriya a kai ta ajiya ofishin rajistar wasiyya na babbar kotu, a karɓi rasit, a gaya wa wanda aka naɗa wasiyyi inda rasit ɗin yake.