Tsofaffin Tafkunan Kifin Kaf a Ƙasar Ingila

A ƙasarmu, su sana'a ce. Masunci yakan fita da taru ko koma, ya kamo kifi, ya sayar, ya ciyar da iyalinsa. A Ingila kuwa akwai mutane masu yawa da suke zuwa bakin ruwa don nishaɗi kawai. Sukan jefa fatsa, su zauna su jira. Idan sun kama kifi, sai su auna nauyinsa, su ɗauki hotonsa, sa'an nan su mayar da shi ruwa da ransa. Kifin da yawancinsu suke alfahari da kama shi shi ne wanda Turawa suke kira carp. A wannan darasi za mu rubuta sunansa kaf.

Kamannin kifin

Kaf kifi ne mai faɗin jiki da manyan ɓawo. Yana da gashin baki guda huɗu, amma gajeru ne, ba su kai na tarwaɗa ba. Ya fi son ruwa mai kwanciya, inda akwai laka da ciyawa. Yakan tona laka da bakinsa yana neman tsutsa da ƙananan ƙwari. Asalinsa daga gabashin Turai da Asiya ne. An kai shi Ingila fiye da shekara 500 da suka wuce, aka riƙa kiwonsa a kududdufai don abinci. A Nijeriya ma an kawo shi a shekarun 1950, aka yi kiwonsa a gonar kifi ta Panyam, a Jihar Filato ta yanzu.

Kaf yana da tsawon rai, domin yakan wuce shekara 40. Yana kuma da wayo. Da ya ji motsi a bakin ruwa, ko ya ga inuwar mutum, sai ya nutse. Saboda haka a dā mutane da yawa sun ɗauka cewa babban kaf ba ya kamuwa. A shekarar 1930 wani mai suna Albert Buckley ya kama kaf mai nauyin laba 26, wato kusan kilo 12, a tafkin Mapperley. Aka shekara 21 ba wanda ya kama wanda ya fi shi.

Tafkin Redmire

Tafkin da ya fi kowanne suna a wannan tarihi ƙarami ne, girmansa kamar eka uku. Yana yankin Herefordshire, kusa da iyakar Ingila da Wales. Sunansa na asali Bernithan, amma masu fatsa suka laƙaba masa Redmire saboda jar lakar wurin. A shekarar 1934 masu tafkin suka ga ciyawa ta yi masa yawa. Sai suka sayi ƙananan kaf 50 daga wurin wani mai kiwon kifi, Donald Leney, aka zuba a ciki don su rage ciyawar. Kifayen suka sami abinci isasshe, ba kuma mai damunsu, suka yi ta girma shekara da shekaru.

A 1951 Bob Richards ya kama kaf mai laba 31 da ɗoriya a wannan tafki. Labari ya kai kunnen Richard Walker, wani injiniya mai sha'awar fatsa. Ranar 13 ga Satumba, 1952, da asuba, Walker ya kama kaf mai laba 44, wato kusan kilo 20. Burodi kawai ya sa wa ƙugiyarsa. Bai kashe kifin ba. An kai shi gidan ajiye namun daji na Landan, aka sa masa suna Clarissa, ya rayu a can kusan shekara 20, jama'a suna zuwa kallonsa.

Bayan shekara 28, ranar 16 ga Yuni, 1980, Chris Yates ya kama wanda ya fi shi a tafkin nan dai, mai laba 51 da rabi, wato fiye da kilo 23. Da ƙwayar masara ya yaudare shi, kuma da ya auna shi sai ya mayar da shi ruwa.

Abin da tsofaffi suke tunawa

Idan tsofaffin masu fatsa suka zauna hira, ba nauyin kifi kaɗai suke ambatawa ba. Abu na farko shi ne haƙuri. Tafkunan kaf ba su da yawa a wancan zamani, kifayen cikinsu ma kaɗan ne. Mutum yakan kwana bakin ruwa sau da yawa bai kama kome ba. Hausawa sukan ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Na biyu shi ne shiru da sirri. Yawancin tafkunan suna cikin gonakin masu hali, sai da izini ake shiga. Wanda ya sami tafki mai kyau yakan ɓoye sunansa don kada jama'a su cika wurin.

Na uku shi ne kayan aiki. Babu su a kanti, sai dai mutum ya haɗa nasa. Walker da kansa ya ƙera sandar fatsa da gora, ya kuma ƙirƙiro 'yar na'ura mai ƙara, wadda take sanar da mutum cikin dare idan kifi ya ja igiya.

Na huɗu shi ne ranar buɗe su. Doka ta hana kamun irin wannan kifi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, domin kifaye su yi ƙwai su huta. Saboda haka ranar 16 ga Yuni ta zama kamar ranar salla ga masu fatsa.

Yadda zamani ya sake

Yau kamun kaf ya zama babban kasuwanci. Ramukan da aka haƙa don ɗiban tsakuwa sun cika da ruwa, an zuba musu kifi, kowa yana iya biyan kuɗi ya shiga. Ana sayar da abincin kifi na musamman da tantuna da na'urori iri-iri. A 1995 aka ɗage dokar hutun kifi a yawancin tafkuna, aka bar ta a koguna. Wasu kifayen an kama su sau da yawa har an san su da suna. Da wani kaf mai suna Benson ya mutu a 2009, manyan jaridun Ingila sun buga labarin, domin an kama shi an sake shi fiye da sau 60.

Tsofaffin tafkuna kuwa ba dukansu suka tsira ba. Ƙaramin tafki yana bukatar kulawa. Ganyaye sukan faɗa ciki su ruɓe, ruwan sama ya kwaso ƙasa daga gonaki, laka ta yi ta taruwa har zurfinsa ya ragu. Idan ruwa ya yi kaɗan, zafi yakan rage iskar da kifi yake shaƙa a cikinsa, kifaye su mutu. Redmire yana nan har yanzu saboda an sami masu kula da shi.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk da haka tunawar tsofaffin nan tana da amfani. Sun rubuta ranaku da nauyin kifi da yanayin ruwa a littattafansu, kuma da wannan rubutu ne na baya suke gane ko tafki yana nan lafiya ko ya fara lalacewa.

Sababbin kalmomi

Fatsa: kamun kifi da ƙugiya da igiya.
Laba: ma'aunin nauyi, bai kai rabin kilo ba.
Ɗoriya: ɗan ƙari a kan wani adadi.
Laƙaba: sa wa mutum ko wuri wani suna.
Kaf: sunan kifi ne a nan. Kada a haɗa shi da kaf mai ma'anar duka.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka zuba kaf a tafkin Redmire a 1934?
2. Ina aka kai kifin da Richard Walker ya kama?
3. Kawo abubuwa huɗu da tsofaffin masu fatsa suke tunawa.
4. Bayyana yadda ƙaramin tafki yake lalacewa.
5. Tambayi wani dattijo labarin wani tafki ko rafi na garinku, ka rubuta shi cikin jimla goma.