Burokoli da ciwon ƙoda: ina gaskiyar take?

Ana ta yaɗa bidiyo a WhatsApp cewa burokoli, ɗan'uwan kabejin nan da ake nomawa a Jos, yana wanke ƙoda har ya raba majinyaci da na'urar wankin ƙoda. Maganar ta iso Kangire, inda ba ka samun burokolin sai ka aika Kano. A wasu gidajen kuma an hana mara lafiya ko da lasar miyar ganye, wai guba ce ga mai ciwon ƙoda. Duka biyun an kauce hanya.

Babu ganyen da ke farfaɗo da ƙodar da ta daɗe da lalacewa. Abin da ake iya yi shi ne rage saurin lalacewar, ta shawo kan hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne ummul aba'isin yawancin ciwon. Burokoli abinci ne mai kyau, amma bai kai a karkatar da kuɗin maganin hawan jini a saye shi ba.

Tsoron ganye kuwa yana da tushe. A cikin ganye akwai sinadarin fotasiyam, wanda lafiyayyar ƙoda ke fitar da rararsa ta fitsari. Idan ta gaza sai ya taru a jini, har ya iya tsayar da zuciya farat ɗaya. A giram 100 na ɗanyen kabeji akwai kimanin miligiram 170, burokoli ya ɗan haura 300, alayyahu kuwa ya zarce 600. Dabino ma yana nan kusa da alayyahu.

Sai dai ba kowane mai ciwon ƙoda ne fotasiyam ɗinsa ke hawa ba, musamman a farkon ciwon. Gwajin jini ne ke raba gardama: daga 3.5 zuwa 5 shi ne daidai. A je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a auna, likita ya faɗi abin da za a rage. Wanda nasa ya hau, a yayyanka masa ganyen ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a tsiyaye ruwan, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa zogale da rama kafin kwaɗo. Hatsarin yana ga mai kwankwaɗar ruwan tafasar da sunan magani, ko mai markaɗa ganye ɗanye ya sha kofi-kofi, ko mai girki da ruwan toka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidan da ya hana ganye amma miyarsa cike da gishiri, dunƙule da kanwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya gishirinsa kada ya kai giram 5 a yini. Ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha bayan an taso daga gona, ga jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Waɗannan suna ƙara wa raunanniyar ƙoda rauni, kuma mai ciwon ya bar su tun yau.