Gawo ko turare: wane irin itace ya kamata a dasa don tare hamada?

Duk damina gwamnatocin jihohin Arewa kan ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa, a sanar da adadin da aka raba. Ba kasafai ake faɗin irin itacen ba, alhali a nan nasarar aikin ta rataya.

Yawancin shingayen tare iska da aka kafa a Kano, Jigawa da Katsina a shekarun 1970 da 1980 darbejiya ce da turare. Dukansu baƙi ne: darbejiya daga yankin Indiya, turare daga Ostireliya. An zaɓe su ne saboda saurin girma, kuma darbejiya ta biya bukata wajen inuwa, wannan babu musu. Amma a gona lissafin daban ne. Turare na zuƙe ruwan ƙasa, shuka ba ta yin kyau kusa da shi, manomi kuwa ba zai yi gadin abin da ke rage masa damin gero ba.

Gawo akasin haka yake. Yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da makiyaya ta bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'yansa. Aduwa, magarya da kuka su ma sun saba da farin yankin, ga abinci, ga kuɗin kashewa.

Hujja mafi ƙarfi tana Jamhuriyar Nijar. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma rainon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon sare shi, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi ba tare da an dasa ba.

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafi jihohi 11 a Najeriya. Cikas ɗin itatuwan gida a irin wannan shiri na siyasa ne: da yawansu suna jinkirin girma, kuka kan daɗe kafin ta yi 'ya'ya, wa'adin gwamna kuwa shekara huɗu ne.