Katako Ko Ƙarfe: Wanne Ya Fi Araha Wajen Rufin Ɗaki?

Uwargida, in maigida ya tashi rufa miki ɗaki, kada ki ce wannan zancen maza ne. Ke za ki kwana a ciki, kuma gadonki da jerenki ruwa zai ɓata in ɗakin ya yi yoyo.

A Fakku da sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal, da azara iyayenmu suka saba rufi. Azarar namijin giginya gara ba ta cika iya mata ba, har jikoki sukan gada. To, amma giginya takan daɗe kafin ta isa sara, ga shi kuma ta yi ƙaranci, sai aka koma katako da kwano.

Katako ya fi araha ranar saye, kafinta kuma ba ya wuyar samu. Sai dai gara ba ta raga masa. Tilas a shafe shi da magani ko baƙin mai, a riƙa dubawa. Da zarar ya ciwu ƙusa ta saki, iskar farkon damina ta yaye kwanon, an koma sayen katako da ƙusa da biyan kafinta, wani lokaci har da sabon kwano.

Ƙarfe kuwa akwai tsada, sai an ɗauko mai walda da injinsa. Amma gara ba ta cinsa, tsatsa ce kawai abokiyar gabarsa, maganinta fenti. A ganina, in ɗakin babba ne, gwamma a jinkirta har bayan kaka, kuɗin ƙarfe ya cika.

Ku kuma 'yan makaranta, in kun ga hanyar gara ta bi bango ta nufi sama, ku kankare ta, ku sanar da Baba.